Yadda Fetur Ya Kusa Ja Min Bulala a Hanyar Zurmi

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da na yi da surukina zuwa Zurmi ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen Ƙaura ba za su bar ni ba. Har gobe akwai dattawan da idan muka haɗu a wurin suna ko ta'aziyya, bayan an gama gaisawa sai su rage murya su tambaye ni ya jikin mota. Motar kuwa ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Ƙaura Namoda. Ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, kowa yana ji da kansa. Abokanmu da suka yi shekaru suna zaman haya a Sakkwato sun tattaro komatsansu sun dawo Gusau, wanda jiya yake ƙaramin akawu yau an ba shi ofis mai labule da fanka. Ni ba a ba ni komai ba, amma sai na ga bai dace a ce muna da sabuwar jiha ina yawo a kan tsohon keke ba. Sai na sayi mota.

(Na ce mota ne don girmamawa.) A hannun wani dillalin shanu na saye ta a Shinkafi, bayan ta gama yi masa bauta. An ce fara ce a da. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai ta waje, ta dama kuma sai ta ciki, saboda haka duk wanda zai shiga baya sai an yi masa bayani tukuna. Amma ina son motar nan kamar me. Da la'asar in ɗauki maiɗakina Hajara mu zaga ta tashar jirgin ƙasa, mu gangara bakin gulbi mu sayi rake, mu dawo a hankali ina ɗaga wa mutane hannu ko ban san su ba. A wancan zamani mutum yana iya kama hanyar Shinkafi ko ta Zurmi duk lokacin da ya ga dama, abin da zai ji tsoro kawai shi ne rami da jakin da ya kwanta a tsakiyar titi. Mun yi 'yan shekaru a haka ni da motar nan, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga wannan lokaci ba da wuya ya gane irin ɗokin da aka yi. Aka rufe gidajen giya, masu su suka yi gaba. Masallatai suka cika har waje, mu da muke aske haɓa duk Juma'a muka fara barin ɗan gemu. 'Yan agaji masu sa ido kan Shari'a suka bazu a kasuwanni da tashoshi, ba maganar da ake yi a majalisa sai ta wanda aka kama da kwalba aka tsala masa bulala a gaban jama'a. Ni ma ina cikin masu cewa ai gara haka.

Sai ga wahalar mai ta sake dawowa. Gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan da kwalabe. Wata rana ina wanke mota sai na lura da wata 'yar huda a jikin murfin tanki, ba ta fi kan allura ba. Nan take kimiyya ta motsa min. Ni da nake tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa fetur yana bin iska idan ya ji zafi, ashe nawa ma ta nan yake gudu kullum ina makaranta? Na shiga gida na ɗebi ƙaron da Hajara ke yi min wankin hula da shi, na jiƙa, na cusa a hudar nan, na shanya murfin a rana har ya bushe ƙam. Na yanko robar tsohon tib ɗin taya na ƙara masa ta ciki don ya kama sosai. Na mayar da shi ina jin daɗin cewa na yi wa rana wayo, daga nan kuma na manta da zancen gaba ɗaya.

Ba a jima ba mota ta fara wani sabon hali. Da safe in je makaranta in dawo, lafiya lau. Amma da zarar na yi tafiya mai ɗan nisa, rana ta ɗaga, inji ya yi zafi, sai ta fara fizga. Ta yi tari, ta yi kamar za ta shiɗe, in taka totur ta yi banza da ni, sannan ta mutu a hankali a gefen hanya. In na zauna ƙarƙashin itace na ɗan jima, sai in murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Ranar da na fara ganin haka ina hanyar Kurya Madaro zan gaida gwaggona. Kafin in dawo gida na riga na yanke hukunci: zafi ne ba ta so.

Na kai ta gareji sau ɗaya, kada a ce ban kai ba. Amma garejin kusa yake da gida, motar ta isa tana murmushi. Bakaniken ya tayar da ita, ya saurara, ya zaga unguwa da ita, ya dawo ya ce in kawo ta ranar da ba ta da lafiya. To ranar da ba ta da lafiya kuwa ina can cikin daji, ya za a yi in kawo ta? Na ce a raina shi ke nan, ai ilimin da aka ba ni ba don allo da alli kaɗai ba ne. Ni zan gano cutar nan da kaina, a ƙofar gidana.

Haka ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu ya koma gareji. Duk Asabar in shimfiɗa tabarma, in jera sifana da sukudireba, in aro farantan Hajara ina zuba notina. (Har yau akwai wani farantin tangaran na kayan aurenta da ba a ambatonsa a gidanmu idan ana son zaman lafiya.) Na canza fulogai. Na kwance kabureta na wanke ta da tsohon burushin haƙori, na mayar, wasu 'yan ƙananan abubuwa suka yi saura a faranti, na ce dama sun yi yawa. Na zubar da ruwan lagireto na zuba sabo. Na naɗa wa kwayil jiƙaƙƙen tsumma kamar mai ciwon kai. Na janye tiyon mai daga kusa da salansa na ɗaure shi da waya. In na gama sai in tayar da ita in bar ta tana aiki a tsaye har bonet ya gagari taɓawa, ina jiran ta yi tarin nan a gabana. Ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Abin da ya fi ɓatar da ni shi ne duk gyaran da na yi sai ya yi kamar ya ci. In na gama sai in biya wurin ɗan bumburutu ya buɗe tanki ya zuba min galan guda, ina zaune a ciki ina ba shi labarin abin da na gano. In kama hanyar gwaji, ta yi ta sheƙa gudu, in dawo in gaya wa Hajara an gama. Bayan kwana biyu mu koma gidan jiya.

Ina da ɗan kallo na dindindin, Kawu Mamman, ƙanin mahaifiyata. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ƙarar jirgi ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji, shi ma in zai yi magana sai an ji shi a ƙarshen layi. Bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa, amma ya ga yadda nake kokawa da sandar giya in mota ta fara fizga, daga nan ya tsayar da magana ɗaya. Kome na kwance sai ya leƙo ya girgiza kai ya ce, "Giya ta, ɗana." In yi masa bayanin cewa giya ba ruwanta da zafin inji, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, Asabar mai zuwa ya maimaita.

A ƙarshe na tsaya a kan wani bayani da na ji daɗinsa ƙwarai: cewa zafi ne ke tafasa mai a cikin tiyo ya zama tururi, famfon mai ya rasa abin ja. Na yi wa malamai 'yan uwana wannan lacca a ɗakin malamai har da zane a allo. Na kuma fito da magani. Idan ta mutu sai in zare tiyo daga famfo, in sa baki in zuƙa har mai ya taho, in tofar, in mayar, sannan in ɗan tsiyaya fetur a bakin kabureta. Kafin in gama wannan hidima an ɗan jima, sai ta tashi, ni kuma in ce aikina ne. Don haka kullum ina da kwalba guda ta fetur a ƙarƙashin kujera. Koriyar kwalba ce mai dogon wuya da na karɓa a wurin ɗan bumburutu. Irinta muke zuba kananzir da man gyaɗa tun muna yara, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me aka fara zubawa a cikinta ba.

Sai ga bikin Nasiru, ƙanin Hajara, wanda ya samo mata a Zurmi. Mahaifinsu, Baba Alhaji, shi ne waliyyin ango, ba za a ɗaura ba sai ya je. Dattijo ne mai fataucin hatsi, ba shi da yawan magana, in ya kalle ka sai ka fara tunanin zunubanka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, in tashi in ba shi wuri. Ya riga ya ce zai bi motar haya tare da sauran jama'a, ni kuma na aika Hajara ta gaya masa ai ba za a yi haka ba, ga mota a gida.

Hajara ta dube ni ta ce in bar Baba ya bi tasha, don ita ta san yawan itatuwan da ta zauna a ƙarƙashinsu a 'yan makonnin nan. Na ce mata wancan duk tarihi ne, yanzu na san cutar, na san maganinta. Ta ce to, Allah ya sa. Ana gobe tafiya na bi 'yan bumburutu ɗaya bayan ɗaya har na cika tanki maƙil, abin da ban taɓa yi ba tun da wahalar mai ta fara. Na ƙara ɗaure murfin da kyau.

Ranar Asabar ce, tsakiyar bazara, za a ɗaura bayan Azahar. Na sa babbar rigata ta shadda, na kafa hula. Baba Alhaji a gaba kusa da ni, Kawu Mamman a baya, goro da alawa a but. Muka yi addu'a muka kama hanya da hantsi.

Ko gonakin bayan gari ba mu gama wucewa ba ta yi tarin farko. Ba ta taɓa farawa da wuri haka ba. Na sauko da giya, na taka, ta fizga, kan Baba Alhaji ya yi gaba ya dawo. Ya dai gyara zaman hularsa. Muka tsaya, na fita na yi zuƙe-zuƙena, na jiƙa tsumman kwayil da ruwan buta, ta tashi. Muka ɗan taɓa tafiya ta sake. Motar hayar da ta ɗauko sauran 'yan ɗaurin aure ta zo ta wuce mu, direban ya rage gudu ya tambaya ko Alhaji zai dawo wurinsu. Kafin ya buɗe baki na ce a'a, ƙaramin abu ne, su je muna bayansu.

Mutuwa ta gaba a tsakiyar wani ƙauye ta same mu, ranar kasuwarsu, daidai inda mata ke sayar da nono ga kuma 'yan kabu-kabu a jere. Rana ta take, lokaci yana tafiya, zufa ta jiƙa min shadda. Na buɗe bonet, na zare tiyo, na zuƙa. Babu komai. Na sake zuƙa, kamar wani ne a ɗaya ɓangaren yake ja da ni. Na ga Baba Alhaji ta gilashi ya duba agogonsa. Sai na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na cika ƙirji na ja.

Abin da ya taho bai tsaya a bakina ba. Na ji shi ya wuce maƙogwaro, wani ya bi ta hanci, wuta ta kama min daga ƙirji har kwanya. Na saki tiyo na yi baya ina tari, hula ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota. Idona ya kaɗa ya yi ja, hawaye na zuba, kasuwar gaba ɗaya ta fara juyawa a hankali. Duk da haka ban manta da aikina ba, na lallaɓa na ɗauko koriyar kwalbata don in tsiyaya wa kabureta. Na yi taku ɗaya dama, biyu hagu, na dafa mota, na yi wata gyatsa da ta sa wata mai nono ta janye ƙwaryarta.

Da na ɗago kai sai na ga 'yan agaji sun kewaye ni, bayansu kuma rabin kasuwa.

Shugabansu dattijo ne mai farin gemu, kuma in faɗi gaskiya cikin mutunci ya yi min magana. Ya yi sallama, ya dubi kwalbar, ya dubi idona, ya ce, "Bawan Allah, mi ka sha?"

Harshena ya yi nauyi, kaina bai dawo daidai ba. Cikin duk amsoshin da ke duniya, wadda ta fito daga bakina ita ce, "Ba da yawa na sha ba."

Jama'a suka ɗauki salati. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce wallahi ban yi niyyar haɗiyewa ba, na saba kurɓa ne kawai in tofar. Wani a baya ya ce ashe ma ya saba. Ana cikin haka wani matashi mai gemu a cikin 'yan agajin ya matso ya ƙura min ido, fuskarsa ta canza. Lawali ne, ɗalibina da ya gama shekarun baya, wanda na taɓa kora daga aji don ya yi barci. A hankali ya ce, "Malam, ashe kai na?" Ba da izgili ya faɗa ba, da tausayi ya faɗa, kamar wanda ya tarar da babansa a hannun hukuma. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Duk wannan lokaci Kawu Mamman yana kokawa da ƙofar baya, ya manta wadda ke buɗuwa ta ciki. Da ya samu ya fito bai ji abin da ake cewa ba, ya dai ga mutane sun taru a kan mota, sai ya ɗauka shawara ake bayarwa. Ya ratsa jama'a ya tsaya gaban shugaban, ya buɗe muryar nan tasa ta tashar jirgi.

"Ai na daɗe ina hwaɗa mishi. Giya ta matsalarshi, ba wani abu ba. Kullum cikin hwama da ita yake, ko gida ko bisa hanya, amma bai jin magana."

Shugaban ya tambaye shi, da ƙarfi, shi wane ne a wurina. Kawu ya bugi ƙirji ya ce shi ne ƙanin uwata, a gabansa aka haife ni, ba wanda ya fi shi sanina. Na ji wani yana cewa tunda ga shaida daga cikin gida ai magana ta ƙare, a wuce da ni wurin alƙali. A lokacin na fara jin bayana yana ƙaiƙayi. Na hango kaina kwance a kan benci a gaban jama'a, ɗalibaina a sahun gaba, aikina ya tafi, Hajara kuma ta koma gidansu.

Allah ya taimake ni Lawali ya karɓi kwalbar ya shinshina ya ce wannan fetur ne. Shugaban ya shinshina ya ce haka ne. Sai wani ya ce to a shinshina bakina, don an ce mashaya na kurkure baki da fetur su ɓoye wari. Aka sa ni na buɗe baki na hura wa dattijon nan iska a fuska, a gaban surukina. Shugaban ya kau da kai ya ce shi fetur ya ji, amma shi bai san warin giya ba balle ya ce babu shi a ƙasa, ko akwai wanda ya sani? Duk kasuwar nan, da 'yan kabu-kabu da mahauta da dillalai, aka rasa mutum ɗaya da ya taɓa jin warin giya. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

A nan ne Lawali ya kai bakinsa kunnen Kawu ya gaya masa abin da ake zargina da shi. Kawu ya zabura, ya ce a'uzubillahi, shi giyar mota yake nufi. Ya zaga bayan mota a fusace ya ce kowa ya zo ya shinshina tanki ya gwada da bakina. Ya murɗe murfin da ƙyar, tanki ya ja wata doguwar iska kamar wanda aka daɗe da shaƙe masa wuya. Ba wanda ya kula, ni ma ban kula ba. Sai wani ya kawo sabuwa, ya ce ai akwai yaran da ke shaƙar fetur ɗin ma don su bugu.

Sai muka ji ƙarar ƙofar gaba. Baba Alhaji ya fito, ya gyara babbar rigarsa, ya tako a hankali. Wasu daga cikin 'yan kasuwar sun san shi ta harkar hatsi, suka buɗa masa hanya. Ya gaisa da shugaban, ya faɗi sunansa da inda za mu, sannan ya nuna ni ba tare da ya kalle ni ba.

"Wanga surukina na, ɗiyata yaka aure. Bai shan komi, ko taba. Duk abin da kunka ga yana yi, da hankalinai yaka yin shi."

Shugaban ne ya fara dariya, ya sa hannun riga ya rufe baki. Daga nan kasuwa ta ɗauka. Ni dai ina tsaye ba hula, shadda duk baƙin mai, an wanke ni daga zargi amma na rasa ko godiya zan yi ko kuka. Shugaban ya ba ni haƙuri, ya ce aikinsu ne su tambaya. Mai nonon nan da ta janye ƙwarya ta cika ludayi ta miƙo min ta ce in sha ya kwantar da abin. Lawali ya rarrafa ƙarƙashin mota ya ɗauko min hulata, ya karkaɗe, ya ba ni da hannu biyu.

Da kaina ya daina juyawa na mayar da tiyo, na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Daga ƙauyen nan har Zurmi, a cikin zafin da ya fi na ko'ina a ranar, motar nan ba ta yi ko atishawa ba. (Kuma don ku san irin mutumin da kuke karanta labarinsa, har na buɗe baki na fara bayanin cewa tsayuwar da muka yi ce ta ba inji damar hucewa. Baba Alhaji ya ciro carbinsa, sai na haɗiye sauran laccar.)

Mun tarar an idar da salla, liman da dangin amarya suna zaune suna jiranmu a rana. Labari kuwa ya riga mu isa a bayan kabu-kabu. Aka ɗaura aure lafiya, amma duk wanda ya zo gaishe ni sai ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce sannu Malam, ya ƙarfin jiki. Ana rabon goro Kawu ya sa hannu a aljihu zai ajiye nasa, sai ya fito da murfin tanki. Ashe tun can ya jefa shi a aljihu cikin faɗa, 'yar ƙofar tanki ta waje kawai ya tura ya rufe. Na karɓa, har da yi masa ɗan ƙorafi cewa ya sa mai na ta bin iska, na mayar na ɗaure tam. Baba Alhaji ya ce shi zai dawo a motar haya, akwai maganar da zai yi da wani a hanya. Ni da Kawu muka taho, kafin mu isa Ƙaura mun gaisa da itatuwa da dama.

Washegari da safe na zauna ƙarƙashin darbejiya, maƙogwarona na zafi, ban ɗauko sifana ko ɗaya ba. Na yi ta tunani: a tafiyar jiya, yaushe ta yi lafiya, yaushe ta ƙi? Me ya bambanta? Na tashi na kwance murfin, tanki ya sake jan numfashin nan. Na juya shi a hannuna, ga ƙarona nan ya bushe a cikin huda, yana sheƙi. Sai a lokacin abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ya dawo min: in mai zai fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Na toshe mata hanci, na yi makonni ina duba ta ko'ina ina tambayar me ya sa take shiɗewa. Zaman da nake yi a gindin itace ba hucewa take yi ba, iska ce ke lallaɓawa ta shiga kaɗan-kaɗan.

Na leƙa cikin gida na ce Hajara ta ara min allura. Ta kawo, ta tsaya tana kallo na tsokale ƙaron ya faɗo, ɗan mitsitsi, na cire robar tib na jefar. Ta tambaya shi ke nan gyaran? Na ce shi ke nan. Ta tambaya wa ya sa shi a wurin? Na ce maganar tana da tsawo. Ta ce ba ta da wani tsawo, ita dai ta san ranar da ƙaronta ya ragu. Na yi kuskuren gaya wa Kawu, kuma abin da aka gaya wa Kawu an gaya wa unguwa, ko da shi a ganinsa raɗa yake yi.

Motar ta ƙara min shekaru masu daɗi bayan nan, har Gusau da Sakkwato ta kai mu ba tari ba fizga. Baba Alhaji bai taɓa tayar min da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma ya ci gaba da shiga motata. Sai dai duk lokacin da za mu yi tafiya yakan aiko a tambayi Hajara ko Malam ya yi wa motar wani gyara kwanan nan. In ta ce a'a, ya shirya ya jira ni. In ta ce e, da sassafe za a gan shi a tasha. Shi da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Hanyar nan ma yanzu ba a binta yadda muka bi ta, da gilashi a sauke, mutum ya tsaya inda ya ga inuwa ya kwanta ya jira mota ta ga dama.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya yi min amfani. In abu ya lalace a gidana, kafin in zargi rana ko zafi ko wanda ya ƙera shi, nakan zauna in tuna dabara ta ƙarshe da na yi masa, kuma galibi a nan binciken yake tsayawa. Hajara ita ma ta ɗauki nata darasin. Rediyo ko fanka in sun mutu takan kawo min da kanta ta ce in gwada sa'ata. Wanda ke aiki lafiya lau shi take ɓoyewa in ta gan ni da sukudireba.